Na sake kunna saba sau biyu, gargaɗin kanel bai tafi ba: ina matsalar take?

Tambayar da aka aiko, daga wani mai kula da saba, wato kwamfutar da shafukan intanet ke zaune a kanta, ita ce: "Ina hayar VPS, wato sabar da aka yanko daga babban inji, a wani kamfanin Turai, Linux nau'in AlmaLinux 8 ne a kai da cPanel, manhajar kula da shafuka, kuma shafukan kwastomomi kusan arba'in ke zaune a ciki. Kwanan nan Security Advisor, mai duba tsaro a WHM, shafin da ake sarrafa sabar da shi, ya dame ni da saƙo cewa kanel ɗin da ke aiki ba shi ne wanda aka girka ba, in sake kunna sabar. Na kunna har sau biyu, amma `uname -r` na nan yana nuna 4.18.0-513.24.1.el8_9, alhali na ga 4.18.0-553.el8_10 ya sauka. Kutse aka yi mini ne? Ko in kashe gargaɗin in huta?"

Malam, ba kutse ba ne, kwantar da hankalinka. Amma kada ka kashe gargaɗin, domin a irin halin da kake ciki gaskiya yake gaya maka. Kuma kada ka ƙara kunnawa ta uku, babu abin da za ta canza sai dai ka ƙara ɗauke wa kwastomominka shafukansu na wasu mintoci.

Kanel shi ne ɓangaren Linux da ke fara hawa ƙwaƙwalwar inji idan aka kunna shi, shi ke raba wa kowace manhaja rabonta na ram da faifai da hanyar intanet. Idan aka sabunta Apache ko PHP, tsayar da su ake yi a sake tayarwa, cikin daƙiƙoƙi an gama. Kanel kuwa ba a sauke shi inji na aiki. Sabon da ya sauka ajiye shi ake yi a cikin `/boot`, ya jira ranar da za a sake kunnawa. Wannan ya sa a kowane lokaci sabarka na da lambobin kanel uku, ba ɗaya ba: wanda ke aiki yanzu, wanda aka girka na baya-bayan nan, da wanda GRUB ya ƙudurta zai ɗauko in an kunna. GRUB shi ne ɗan ƙaramin shirin da ke tsaye a bakin ƙofa, inji na farkawa shi ke zaɓar kanel ya miƙa masa ragama. Abin da Security Advisor ke yi bai wuce jera waɗannan lambobi ba, in ya ga sun saɓa sai ya yi magana. Kai ma kana iya jera su da hannunka:

`uname -r`
`rpm -q --last kernel-core`
`grubby --default-kernel`

Na farko zai ba ka mai aiki, na biyu jerin waɗanda aka girka, sabo a sama, na uku kuma wanda za a ɗauko gaba. Idan na biyu da na uku sun yi daidai, na farko ne kawai a baya, kuma ba a sake kunnawa ba tun da aka sabunta, to babu wata matsala, kunnawa kawai ake jira. Mafi yawan masu ganin wannan gargaɗi a nan suke. Kai ka wuce nan, tunda ka kunna.

Kafin ka taɓa GRUB, akwai tambayar da nake fara yi wa duk sabar da aka kawo mini: kanel ɗin nan na wane ne? Rubuta `systemd-detect-virt`. In ya ce `kvm` ko `vmware` ko `xen`, ko `none` ga wanda ya yi hayar inji sukutum, galibi kanel naka ne. In ya ce `openvz` ko `lxc`, kwantena kake ciki, kuma kanel na mai gida ne. Kamar ɗan haya ne a gidan da mita ɗaya ce ta kowa: kana da ɗakinka da makullinka, amma wutar ba a hannunka take ba. Duk kwantenonin da ke kan injin nan kanel ɗaya suke amfani da shi, na babban injin kamfanin. Ko ka girka kanel goma a ciki, ko ka kunna sau ɗari, ba ɗaya daga cikinsu da zai taɓa aiki. Tsofaffin OpenVZ 6 ana gane su da lamba irin 2.6.32-042stab, na 7 kuma 3.10 ne a ƙasa, sai dai yakan nuna wa kwantenar wata lambar da za ta gamsar da manhajojin ciki, har ka ga 4.18.0 tsurarta babu jela. Shi ya sa ba na yarda da lambar, na fi yarda da umarnin can. Wanda ya sami kansa a kwantena, maganinsa tikiti ne, wato saƙon neman taimako, zuwa ga kamfanin hostin da ya ba shi hayar, ya tambaye su yaushe suka yi wa babban injin faci. Shi ne kaɗai mutumin da zan ce wa ya yi watsi da gargaɗin, shi ma bayan ya sami amsa.

Lambarka tana da cikakkiyar jela, `el8_9`, don haka ina kyautata zaton KVM kake kai. Abu na gaba da za ka tabbatar ɗan ƙarami ne amma yana ba mutane kunya: sabar ta sake kunnuwa kuwa? `uptime -s` zai gaya maka ranar da sa'ar da ta tashi. Na sha ganin wanda ya danna maɓalli a WHM, shafin ya ɗan tsaya, ya ɗauka an gama, ashe wasu manhajoji ne kawai suka sake tashi.

In ta kunnu da gaske, dubi abin da `grubby --default-kernel` ya ba ka. Idan 513 ya nuna, an kama ɓarawo: sabon kanel ya sauka amma ba a naɗa shi ba. Gyaran nan take layi ɗaya ne:

`grubby --set-default /boot/vmlinuz-4.18.0-553.el8_10.x86_64`

Sai dai wannan share ɗigon ruwa ne ba toshe rufi ba. In ba ka gano abin da ya hana naɗin ba, wata mai zuwa sabon kanel na sauka za ka dawo inda kake. Fayil biyu za ka buɗe. A `/etc/sysconfig/kernel` ya kamata ka ga `UPDATEDEFAULT=yes` da `DEFAULTKERNEL=kernel-core`. A `/etc/default/grub` kuma `GRUB_DEFAULT=saved`. In ka tarar da lamba a wurin, kamar 1 ko 2, wani ne ya taɓa ɗaure GRUB a kan layi kaza na jerin, galibi ranar da wani sabon kanel ya ba shi wahala, ya koma tsoho, ya manta bai kwance ba. Wani lokacin ma kai ne, shekara biyu da suka wuce, da ƙarfe ukun dare. A wannan fayil ɗin ka duba `GRUB_ENABLE_BLSCFG`. Tun daga zuriyar RHEL 8, Linux ɗin kamfanin Red Hat da AlmaLinux ke bin sawunsa, kowane kanel na da ɗan fayil ɗinsa a `/boot/loader/entries`, GRUB na karanta su kai tsaye. In an kashe wannan tsari da `false`, GRUB zai koma dogaro da tsohon jerin da ke rubuce a `grub.cfg`, wanda ba lalle ya san da zuwan sabon kanel ba. Sabobin da aka ɗago daga CentOS 7 zuwa AlmaLinux 8 ta hanyar ELevate, manhajar da ke wannan ɗagawar, lokacin da wa'adin CentOS 7 ya ƙare a 30 ga Yuni 2024, su na fi samu da irin wannan ragowar tsohon saiti.

Duk gyaran da ka yi a `/etc/default/grub` ba ya aiki sai ka sake gina `grub.cfg`, kuma a nan mutane ke zuba ruwa a randar da ba a sha daga ita. Duba ko akwai `/sys/firmware/efi`. In babu, injinka da BIOS yake tashi, tsohon tsarin tayar da inji, umarnin shi ne `grub2-mkconfig -o /boot/grub2/grub.cfg`. In akwai, da sabon tsarin EFI yake tashi, kuma a AlmaLinux 8 fayil ɗin da ake karantawa na `/boot/efi/EFI/almalinux/grub.cfg`. A AlmaLinux 9 an haɗe su, koyaushe na `/boot/grub2` ake ginawa, wanda ke cikin EFI ɗan manuni ne kawai, kada a rubuta komai a kansa.

Yanzu ga yanayin da ya fi ban haushi, kuma shi nake zargi duk lokacin da aka ce mini "na kunna sau biyu". An girka sabo, saiti ya nuna sabo, amma inji na tashi da tsoho. Ma'anarsa ɗaya ce: wurin da kake gyarawa ba daga nan injin ke tashi ba.

Na taɓa karɓar wata saba daga hannun wani abokin aiki da ya koma wani wurin. Wata takwas tana karɓar sabuntawa lafiya lau, `ls /boot` na nuna sababbin kanel uku a jere, amma mai aiki na bara ne. Na ɓata kusan awa guda ina juya GRUB kafin na tuna da `cat /proc/cmdline`, wanda ke nuna layin da aka tayar da kanel da shi. Sai ga shi: `BOOT_IMAGE=(hd0,msdos1)/vmlinuz-` da tsohuwar lamba. Abin da ya tsayar da ni shi ne babu kalmar `boot` a gaban `vmlinuz`. Hakan na faruwa ne in `/boot` yankinsa daban a faifai. Na rubuta `findmnt /boot`, shiru, ko layi ɗaya bai fito ba. Na buɗe `/etc/fstab`, fayil ɗin da ke jera yankunan faifan da ake jonawa in inji ya tashi, sai ga layin `/boot` da alamar `#` a gabansa. Ashe an taɓa canza faifai, lambar shaidar yankin ta canza, inji ya ƙi tashi, mutumina ya rufe layin don a samu a wuce, da niyyar zai dawo ya gyara. Tun daga ranar duk kanel da ya sauka a cikin wata folda mai suna `/boot` yake zubewa a babban yanki, GRUB kuwa na can yana karanta ainihin yankin da ba wanda ya sake leƙawa. Kamar mai aika wasiƙa ne zuwa gidan da aka tashi. Gyaran: na ɗauko sabuwar lambar da `blkid`, na gyara layin, na kwashe abin da ke cikin foldar bogi zuwa gefe, na jona yankin na gaskiya, sannan na yi `dnf reinstall` na sabon `kernel-core`. Kada ka yi kwafin fayilolin da hannu, domin hanyar da aka rubuta a cikinsu ta foldar bogi ce, sake girkawa ne ke rubuta ta daidai.

Ɗan'uwan wannan matsala yana samun masu inji mai faifai biyu da aka haɗa su suna aiki kamar ɗaya, wato RAID: kowane faifai na da nasa yankin EFI, ana sabunta na ɗaya, inji na tashi daga na biyu. Akwai kuma kamfanonin da ke iya tayar maka da inji da kanel ɗinsu daga waje, ba tare da an bi ta GRUB ɗinka ba sam. A Linode zaɓi ne a saitin injin, ko ka ɗauki kanel ɗinsu ko ka zaɓi GRUB 2. OVH na da tayarwa ta hanyar sadarwa, kuma tsofaffin injinansu an san su da kanel mai `xxxx` a sunansa. Tsofaffin injinan DigitalOcean ma daga shafin kamfanin ake zaɓar musu kanel. Alamar ita ce kanel ɗin da `uname -r` ke nunawa ba ya cikin jerin da `rpm` ya ba ka. A nan gyaran a shafin kamfanin yake, ba a cikin sabar ba. Naka tunda sunan AlmaLinux ne da shi, ba na jin wannan ne, amma dubawar minti ɗaya ce.

Kafin ka sake kunnawa da sabon, ka dubi `df -h /boot`. Wannan ba zancen gargaɗi ba ne kuma, zancen ko sabar za ta tashi ne ko ba za ta tashi ba. Kowane kanel na tafe da abokin tafiyarsa, `initramfs`, ɗan ƙunshin direbobin da yake buƙata kafin ya iya ganin faifai. Ana gina shi ne a kan injinka bayan kanel ya sauka. In `/boot` ya cika, wanda ke yawan faruwa a tsofaffin sabobi masu MB 500 kacal, ginin kan tsaya a rabi, `rpm` kuma ya ci gaba da cewa an girka. Ka tilasta wa GRUB ɗaukar irin wannan kanel, abin da za ka gani a konsol, allon injin da ake leƙawa ta shafin kamfani, shi ne `Unable to mount root fs on unknown-block(0,0)`, shafuka arba'in a ƙasa, waya na ta ƙara. Don haka yi `ls -lh /boot/initramfs-*`, ka tabbata akwai na 553, kuma girmansa ya yi kusa da na sauran. In babu ko ya yi ƙanƙanta, rage tsofaffi da `dnf remove --oldinstallonly`, wanda ba ya taɓa kanel mai aiki, sannan ka gina da `dracut -f --kver 4.18.0-553.el8_10.x86_64`. Adadin da ake ajiyewa na `installonly_limit` a `/etc/dnf/dnf.conf`, uku ne a asali. Mai ƙaramin wuri ya mayar da shi biyu. Ƙasa da biyu ba a yi, domin tsohon kanel shi ne tayar ko-ta-kwana ranar da sabo ya ƙi.

Sai batun masu faci. Akwai hanyar liƙe ramukan tsaro a cikin kanel yana tsaka da aiki, kamar a yi wa taya faci mota na gudu. A duniyar hostin KernelCare aka fi sani, na TuxCare, wanda ya fito daga gidan CloudLinux. Red Hat na da kpatch, Ubuntu na da Livepatch, Oracle kuma Ksplice da ya saya a 2011. In ɗaya daga cikinsu na kan sabar, `uname -r` kan ci gaba da nuna tsohuwar lamba ko da an liƙe ramukan, domin kanel ɗin da aka tashi da shi ne dai, gyara aka yi masa a ƙwaƙwalwa. Ga mai KernelCare, `kcarectl --uname` ne ke nuna matsayin da facin ya kai shi, `kcarectl --info` kuma ya nuna ko facin na kai ma. Wasu kamfanonin hostin na saka shi ba tare da sun gaya maka ba, sai ka duba. Ra'ayina a kansa: yana da amfani ƙwarai ga mai sabobi da yawa, yana ba ka damar zaɓar ranar kunnawa maimakon a zaɓa maka. Amma bai warware matsalarka ba. Saba da ba ta iya tashi da sabon kanel tana da ciwo, faci rufe shi kawai zai yi. Kuma injin da ya shekara biyu ba a kashe ba, ba wanda ya san ko zai tashi, sai ranar da wuta ta ɗauke a cibiyar.

Wani abin da zai iya tayar maka da hankali bayan ka gyara: wata manhajar binciken tsaro ko wani kwastoma mai ɗan karatu ya ce maka 4.18 ai tsohon yayi ne. Da gaskiyarsa ta wani gefen, a Agustan 2018 ya fito, kuma masu kula da asalin Linux sun bar shi kafin ƙarshen shekarar. Amma Red Hat ba haka yake aiki ba. Yana kafa lamba ɗaya ga kowace zuriya, 3.10 ga RHEL 7, 4.18 ga 8, 5.14 ga 9, sai ya yi ta ɗebo gyare-gyare daga sababbin kanel yana dasawa a ciki har shekara goma. AlmaLinux da Rocky Linux na bin sawunsa. Don haka labarin na cikin lambar da ke bayan ɗan layin: 513 na 8.9 ne, 553 na 8.10 da ya fito a Mayun 2024, kuma zuriyar 8 na da kulawa har 2029. Ka lura ma, 553 tsurarsa shi ne na farkon 8.10, an yi ta fitar da wasu a bayansa masu ƙarin lambobi. In shi ne mafi sabo a jerinka, yi `dnf check-update kernel-core`, ka kuma duba ko akwai layin `exclude=` mai ɗauke da `kernel` a `/etc/yum.conf` ko `dnf.conf`. In kana son sanin ko an toshe wani rami takamaimai, `rpm -q --changelog` na wannan kanel ɗin, ka tace da lambar CVE ɗin, wato lambar da ake ba kowane ramin tsaro, ko `dnf updateinfo info --cve` da lambar.

Me ya sa nake matsa maka haka a kan 'yar lamba? Saboda irin sana'arka. A sabar da mutum ɗaya ke amfani da ita, ramin kanel da ke buƙatar sai an shigo ciki tukuna bai cika tsoratarwa ba. A taka kuwa mutum arba'in na ciki, kowa da WordPress ɗinsa da tarkacen da ya liƙa masa bai sabunta ba. Ɗaya ya isa. Mai kutse ya shigo ta shafin wani a matsayin ƙaramin mai amfani, abin da ya rage tsakaninsa da zama `root`, mai cikakken iko a kan kowa, shi ne kanel. Dirty COW da aka fallasa a Oktoban 2016 irin wannan ne, ya shekara tara a cikin Linux ba a gani ba. Dirty Pipe na Maris 2022, wanda ya shafi kanel daga 5.8 zuwa sama, a kamfanin hostin ma aka gano shi: Max Kellermann na CM4all a Jamus ya yi watanni yana bin sawun ƙorafin wani kwastoma cewa fayilolin rajistar maziyarta na lalacewa, a ƙarshe ya tarar hanya ce da kowane ƙaramin mai amfani zai iya rubutu a kan fayil ɗin da ba shi da izinin taɓawa. Irin waɗannan ramuka, lambar gwajinsu kan bazu a intanet cikin kwanaki kaɗan. Sabar da ke girka gyara amma ba ta tashi da shi, daidai take da wadda ba a taɓa sabuntawa ba.

Ranar kunnawa, abu na farko shi ne konsol. Shiga shafin kamfaninka ka buɗe VNC ko abin da suke kiransa, ka tabbata yana aiki kuma kana da kalmar sirrin `root` a hannu, tun kafin ka danna komai. SSH, hanyar shiga saba daga nesa, ba ya ceton injin da bai tashi ba. Ɗauki hoton sabar, wato cikakken kwafinta yadda take, in kamfanin na bayarwa. Yi `findmnt --verify` don ya duba maka `fstab`. In kana son ƙarin kariya, bar tsohon kanel a matsayin na dindindin, ka gwada sabon sau ɗaya da `grub2-reboot`: in ya ƙi tashi, kashewa da kunnawa daga shafin kamfanin zai mayar da kai tsohon. Sai dai dabarar na da sharaɗi, GRUB ba ya iya rubutu a `/boot` da ke kan RAID ko tsarin rarraba faifai na LVM, don haka ba zai iya goge alamar "sau ɗaya" ba, sai ya yi ta maimaita sabon. Yi amfani da kunnawa ta lalama, wadda WHM ke kira Graceful, domin MariaDB, manhajar da ke riƙe bayanan shafuka, ta rufe rumbunanta a tsanake. Lokaci kuwa, in kwastomominka 'yan gida ne, tsakanin ƙarfe biyu da huɗu na dare ya fi, sai da azumi da mutane ke farke a lokacin. In akwai shafin makaranta a cikinsu, kauce wa makon rajista da na fitar sakamako. Ka tuna agogon sabar wataƙila UTC ne, awa ɗaya a bayan namu.

Bayan ta tashi, `uname -r` ya nuna 553, kada ka rufe kwamfuta ka kwanta tukuna. Akwai wani saɓanin sigar da ba ya turo imel. Direbobin kanel, waɗanda ake kira modul, kowanne an gina shi ne don kanel guda, suna zaune a `/lib/modules` ƙarƙashin lambarsa. Na AlmaLinux suna zuwa tare da shi, in dai `kernel-modules` mai lamba daidai da tasa ya sauka. Na wasu kamfanoni kuwa sai an sake gina su. Manhajojin ajiyar kwafi su ne kan gaba: R1Soft na da nasa modul da ake ɗaukowa da `serverbackup-setup --get-module`, Acronis na gina nasa ta DKMS, tsarin da ke sake gina modul ga kowane sabon kanel, wanda ke buƙatar `kernel-devel` mai lamba daidai da kanel mai aiki. In ba su dace ba za ka ga `Invalid module format` ko ƙorafin `version magic` a `dmesg`, shafuka na aiki lafiya, amma ajiyar dare ta daina tafiya, ba za ka sani ba sai ranar da ka nemi kwafi. Don haka `dkms status`, sai `systemctl --failed`, sannan ka tayar da ajiya ɗaya da hannu ka ga ta kammala. Mai katangar tsaro ta CSF ya gudanar da `csftest.pl` ya ga katangar ta sami modul ɗinta. Mai CloudLinux 7 ko 8 kuma ya tabbata akwai `lve` a sunan kanel ɗin da ya tashi, in babu to iyakokin da ke hana kwastoma ɗaya cinye injin ba sa aiki.

Masu Ubuntu da Debian, tunanin ɗaya ne, sunaye ne suka bambanta: `dpkg -l 'linux-image*'` don jerin waɗanda aka girka, `update-grub` don sake gini, `update-initramfs` a madadin `dracut`, kuma a Ubuntu samuwar fayil ɗin `/var/run/reboot-required` ita ce alamar ana jiran kunnawa.

In ka bi duk wannan 513 bai sauka ba, turo mini abin da waɗannan suka fitar, yadda suke ba tare da ka taƙaita ba: `systemd-detect-virt`, `cat /proc/cmdline`, `findmnt /boot`, `lsblk -f`, `grub2-editenv list`, da `ls /boot/loader/entries`. A na ƙarshen ka lura da dogon jerin haruffan da ke farkon sunan kowane fayil, lambar shaidar injin ce, ya kamata ta yi daidai da abin da ke cikin `/etc/machine-id`. In ka ga iri biyu, VPS ɗinka daga hoton wani injin aka kwafo shi, kuma mai yiwuwa `saved_entry` na nan yana nuna fayil mai tsohuwar lambar. Ka goge adireshin IP da sunayen kwastomomi kafin ka turo.